Babi na 9: Ɗaukar Hoton Bazara da Saukar Damina da Wayar Hannu

Darasi na 1: Shirya waya

Wannan babi na masu babbar waya ne, wadda ake shafa fuskarta da yatsa. Wanda ba shi da ita ya matsa kusa da mai ita, ku riƙa yin karɓa-karɓa.

Lokacin da muka zaɓa shi ne daga watan Afrilu zuwa Yuni, wato ƙarshen bazara da saukar damina. A waɗannan makonni ƙasa takan sauya kama da sauri. Itacen da ka wuce ba ganye ko ɗaya, mako mai zuwa sai ka tarar ya yi tofo. Ruwa yakan fara sauka a wajen Kaduna da Zariya, sannan Kano, sannan Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, inda wata shekarar sai Yuni ya yi nisa. Kowa ya bi lokacin garinsu.

Juya wayarka ka dubi bayanta. Daga sama akwai ɗan gilashi zagayayye, wata wayar ma biyu ko uku gare ta. Shi ne idon kyamara, ta nan hoto yake shiga. Ƙurar bazara da gumin hannu da maiƙon abinci duk a kansa suke taruwa. Hura shi tukuna don yashi ya fita, sannan ka goge da gefen riga ko mayafi mai laushi.

Yanzu juyo da fuskar wayar. Nemi alamar kyamara, wani ɗan akwati mai da'ira a tsakiya. Taɓa shi sau ɗaya. Idan fuskarka ka gani, kada ka damu, kyamarar gaba ce ta buɗe. Nemi alamar kibiya biyu masu bin juna, ka taɓa, za ta juya. A ƙasa akwai babbar da'ira fara. Ita ake dannawa a ɗauki hoto. Amma kada ka danna tukuna.

Darasi na 2: Taɓa, jira, danna, tsaya

A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa. Kalmomi huɗu ne. Karanta su da ƙarfi, ka rubuta su a littafinka da manyan baƙaƙe:

TAƁA. JIRA. DANNA. TSAYA.

Riƙe waya da hannu biyu, kamar yadda ake riƙe ƙwarya cike da nono. Manna gwiwar hannuwanka a jikin haƙarƙarinka. Duba kada yatsa ya rufe idon kyamara.

Taɓa. Waya ba ta san abin da kake so ba. A gabanta ga fure, ga katanga, ga akuya can baya. In ba ka nuna mata ba, ita za ta zaɓa, kuma sau da yawa katangar take zaɓa. Saboda haka sa yatsa ka taɓa furen a fuskar waya, daidai inda kake ganinsa. A fuskar waya na ce, ba furen da ke jikin itace ba. Akwai wanda ya miƙa hannu ya taɓa ganyen gaske, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa bayyana masa.

Jira. Wani ɗan zobe ko ɗan akwati zai fito a wurin da ka taɓa. Furen zai ɗan yi dishi-dishi, sannan ya fito tar. Ƙirga a zuci: ɗaya, biyu.

Danna. Sa tsokar yatsa a kan farar da'irar, ba farce ba. A hankali, sau ɗaya, ka ɗaga yatsan. Idan ka danne ka ƙi ɗagawa, wata wayar bidiyo za ta fara ɗauka, wata kuma ta jero maka hotuna barkatai.

Tsaya. Wannan shi ne wanda ake mantawa. Bayan ka danna, kada ka motsa. Ƙirga kuma: ɗaya, biyu. Waya tana bukatar ɗan lokaci kafin ta gama ɗauka, musamman da sassafe ko gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci. In ka fizge hannu don ɗokin ganin hoton, hoton zai fito a cakuɗe.

Gwada yanzu a kan buta. Ajiye ta a ƙasa, ka ja baya taku biyu. Taɓa butar a fuskar waya. Jira. Danna. Tsaya. Hoton yana nan a ɗan akwatin da ke kusurwar ƙasa, taɓa shi ka gani. Bai fito ba? Ba komai, Baba. Ba komai, Hajiya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma hannun da ya saba da fartanya ko taɓarya dole ya ɗan yi wa gilashi nauyi da farko. Sake gwadawa. Yi sau goma a kan butar kafin ka fita waje. Buta ba ta gudu, shi ya sa muka fara da ita.

Darasi na 3: Haske da fure

Ranar bazara tana da ƙarfi. A Sakkwato da Maiduguri zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Hoton da aka ɗauka da tsakar rana yakan fito fari fat, launin fure ya gudu, ita ma wayar ta ɗauki zafi. Fita da safe kafin hantsi ya ɗaga, ko bayan la'asar. Ka ba rana baya, amma ka kula kada inuwarka ta faɗi a kan furen. In ta faɗi, matsa gefe kaɗan.

Ba sai ka je nesa ba. Zogalen bayan ɗaki yana da fararen furanni. Tumfafiya tana nan a kowane fako, furenta fari da ruwan hoda mai duhu a baki, sai dai kada nononta ya shiga maka ido. Kariya tana fure ja-ja alhali ba ganye a jikinta. Marga takan cika da fure ruwan ɗorawa tun kafin ruwa ya sauka. Bayan ruwan fari kuwa, duba bakin fadama, albasar kwaɗi takan ɓullo da manyan furanni farare masu jan zane.

Furen kuka ya fi su wuyar samu. Fari ne, babba, yana reto a kan dogon sili, kansa a ƙasa. Da yamma yake buɗewa, jemagu su ziyarce shi cikin dare, washegari da rana ya yanƙwane ya yi duhu. Mai son hotonsa sai ya yi sammako, yana fitowa daga sallar asuba gari na wayewa. Hasken lokacin kaɗan ne, don haka tsayawar nan ta ƙarshe ta zama dole.

Matsa kusa da fure kamar taƙi ɗaya ko biyu. In ka matsa fiye da haka, yawancin wayoyi ba sa iya gani. Durƙusa ka daidaita da shi, kada ka ɗauka daga tsaye. Idan iska tana kaɗa shi, dakata ta lafa. Sannan: taɓa furen a fuskar waya, jira ya fito tar, danna, tsaya.

Darasi na 4: Masu rai

Fara da jangwada. A wannan lokaci kansa yakan yi jawur, ya hau katanga yana gyaɗa kai. Yakan koma wuri ɗaya kullum da safe don shan hantsi. Zauna kusa da wurin, waya a hannu a buɗe, ka yi shiru. Kada ka bi shi. Shi zai zo.

Shamuwa ita ce babbar baƙuwar wannan lokaci. Baƙa ce, cikinta kuma fari. Daga kudancin Afirka da gabashinta take tasowa, ta iso mana gab da damina, shi ya sa manoma suke gyara gona da sun gan ta. Takan yi sheƙa da ƙirare a manyan itatuwan cikin gari, kuma ba ta cika tsoron mutane ba, domin tun kaka da kakanni ba a taɓa ta. Ɗauke ta lokacin da take tsaye a bakin sheƙa. Kada ka ɗaga waya sama kai tsaye daga gindin itacen, domin hasken sama zai sa ta fito baƙa ƙirin ba a gane komai. Ja baya nesa kaɗan, rana a bayanka. Kada kowa ya hau itace, kada a aiki yaro ya yi jifa don ta tashi.

Belbela tana bin shanu, kurciya da hasbiya suna sauka a bakin rijiya. A ƙarshen bazara ƙishirwa tana damun tsuntsaye. Zuba ruwa a kasko, ka ajiye a inuwa, ka zauna nesa taku biyar. Bayan 'yan kwanaki za su saba da wurin.

Ana iya janyo abu kusa: ɗora yatsu biyu a fuskar waya ka buɗa su. Kaɗan kawai. Za ka ga lamba ta fito, kada ta wuce 2. In ta wuce, hoton yakan farfashe, kuma ƙaramin motsin hannu sai ya zama babba. Jingina da katanga ko itace.

To, jama'a, bari in faɗa muku gaskiya. Na duba hotunan aikin gida, kuma yawancinsu ba a gane tsuntsu ne ko leda ce iska ta ɗauko. Wasu sun ce wayar ce ba ta da kyau. Ba wayar ba ce. Da wayar nan aka ɗauki buta ta fito tar. Da kun ga tsuntsu sai jiki ya hau rawa, a manta taɓawa, a soki da'ira da ƙarfi, a juya ana nuna wa na kusa. Haba! Nawa ne kuɗin ƙirga ɗaya, biyu? Ba za a ci ku tara ba in tsuntsu ya tashi, wani zai sauko. Wanda bai rubuta kalmomin nan huɗu a littafinsa ba, ya rubuta yanzu ina kallo. Taɓa. Jira. Danna. Tsaya. Wanda hotonsa bai fito ba ya koma kan buta, ko da ya girme ni.

Darasi na 5: Itace ɗaya, wuri ɗaya

Zaɓi kuka ɗaya da gawo ɗaya a hanyar gonarka. Ajiye dutse a inda za ka riƙa tsayawa. Kowace Juma'a da safe ka tsaya a kan dutsen ka ɗauki hotonsu. Rubuta kwanan wata a littafi. Misali, 15 ga Mayu ana rubuta shi 15/5.

Bayan mako shida jera hotunan ka duba. Kuka za ta tashi daga tsirara ta cika da ganye. Gawo kuwa akasin haka yake yi: yana da ganye duk rani, da damina ta kama sai ya kakkaɓe. Shi ya sa manoma suke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Kowa ya san wannan da baki, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa a jere a hoto.

Kada ka manta ka taɓa itacen a fuskar waya kafin ka danna.

Darasi na 6: Ruwan fari

Hadarin farko yakan zo da jar ƙura da iska. Ɗauke shi daga bakin ƙofa. Da an fara walƙiya ka shiga ɗaki, kada ka fake a gindin itace. Sa waya a leda.

Washegari duba ƙasa: shinge, ƙadandoniya, kwaɗi, da ɗan jan ƙwaron nan mai laushi. Durƙusa ka ɗauka. Duba wurin kafin ka durƙusa, kunama da maciji su ma sun fito.

Darasi na 7: Manyan namun daji

Akwai giwaye a Yankari ta jihar Bauchi, akwai raƙuman dawa a yankin Kure kusa da Yamai. Ba a shiga sai da ma'aikatan wurin. Kada ka shiga dajin da ba tsaro saboda hoto. Kada ka ɗauki mutum ba da izininsa ba, kada kuma ka ɗauki shingen jami'an tsaro.

Darasi na 8: Ajiya

Share hotunan da ba su fito ba. Alamar kwandon shara ake taɓawa. In ba ka gane ta ba, tambayi na kusa da kai.

Aikin gida: hoton fure 1, hoton tsuntsu ko ƙadangare 1, hoton itace 1. A zo da waya da caji.