Kafin ka ce "ka nemi littafin nan": kurakuran da na gaji da gani

Duk inda masu karatu suka taru, a zauren WhatsApp ne ko a fili, tambaya ɗaya ce ke buɗe hira: me kake karantawa yanzu? Ina son tambayar nan. Abin da ke biyo bayanta ne ke ƙona mini rai, domin kurakurai iri ɗaya sabbin shiga ke ta maimaitawa, har da waɗanda ni ma na taɓa yi na ji jiki.

Na farkonsu shi ne tallata littafin da ba ka gama ba. Mutum na babi na uku, labari ya ɗauke shi, sai ya hau shelar cewa kowa ya nema. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma haka littafi yake. Marubuta da yawa sun iya buɗe labari, kaɗan ne suka iya rufe shi.

Shekarun baya yayata ta roƙe ni in zaɓar wa 'yarta abin karantawa a lokacin hutu, yarinyar tana da shekara 15. Akwai wani littafi a hannuna da na ci kusan kashi ɗaya cikin uku, harshensa tsaf, jigonsa tarbiyya. Na miƙa mata ba tare da na kai ƙarshe ba. Bayan mako guda yayata ta zo har gida da littafin, ta buɗe wani shafi can gaba ta ajiye a gabana. Batsa ce tsagwaronta. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ƙanwata, wannan kika zaɓar wa 'yarki?" Na rasa bakin magana. Sai da aka shekara kafin ta sake neman shawarata a kan littafi, kuma da gaskiyarta. Amana ta ba ni, na yi sakaci da ita.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Littafin da ban gama ba, iyakata in ce ina karanta shi, na kai shafi kaza, zuwa yanzu ga yadda na same shi. Ba na cewa a nema. In kuwa yaro za a ba, sai na karanta daga bango zuwa bango, ko da marubucin na sha karanta shi. Ku kuma masu tura labarin da ake rubutawa babi-babi a intanet, wanda shi kansa mai shi bai san inda zai dire ba, don Allah ku riƙa faɗi cewa bai ƙare ba. Nawa ne aka bar mutane a rataye?

Wanda ya fi wannan muni shi ne yabon littafin da ko buɗe shi ba ka yi ba, don ka ji ana zancensa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu za ta tona ka.

Sai fasa ƙwai. Kada ka faɗi wanda ya mutu ko wanda ya ci amana. Ni nakan tsaya a abin da ke rubuce a bayan bango, sai wanda ya ce ya gama.

"Wallahi yana da daɗi" ba shawara ba ce. Daɗin me? Labarin ne ke gudu, ko harshen ne ya burge ka? Kafin in ambaci kowane suna, nakan tambayi mutum littafi na ƙarshe da ya hana shi barci da wanda ya ajiye bai gama ba. Amsar nan biyu ta fi mini taurari biyar na Goodreads, shafin intanet da masu karatu ke ba littattafai maki, amfani, domin taurarin ra'ayin dubban mutanen da ba su san shi ba ne. Kuma guda ɗaya nake ba shi, in ya yi yawa biyu. Wanda aka jibga wa sunaye ashirin ba ya karanta ko ɗaya.

A faɗi suna cikakke da sunan marubuci, littattafai da yawa sunansu ɗaya. In yana da kashi-kashi a faɗa: Magana Jari Ce littafi uku ne, wanda ka ce ya nema kawai zai iya dawowa da na uku. In fassara ce a ambaci mai fassarar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton lambar ISBN da ke bayan bango, mai lambobi 13 tun daga 2007, domin kowane bugu da tasa.

Kuskure na biyu da ya ci ni shi ne ba da aro da ka. Ina da wani tsohon littafi da mahaifina ya bar mini, an daina buga shi, gefen shafukansa duk rubutun hannunsa ne. Wata da muke karatu tare ta ara, na ji nauyin hana ta. Ita ma ta ara wa wata, waccan ta yi tafiya, maganar ke nan har yau. Na nema na gaji. Ko na sami wani kwafin, rubutun Baba fa? Wannan rashin har yanzu yana taso mini. Ku masu karɓar aro ku ji tsoron Allah: abin da aka ara maka ba naka ba ne balle ka arar. Kada ka naɗe kunnen shafi, kada ka ja layi, kada ka bari sai mai shi ya yi ta bin ka kamar shi ne mai laifi. Yanzu ina da ɗan littafin da nake rubuta suna da rana a gaban mai aron, wata ɗaya nake bayarwa. Akwai kuma kanta guda da abin da ke kanta ba ya fita daga ɗakina, mai so ya zauna ya karanta a nan. Wasu sun ce rowa ce. Na yarda a kira ta haka.

Tura PDF na sabon littafi a zaure kuwa, mu daina kiransa taimako. Gumin wani ne. A yawancin ƙasashe haƙƙin mallaka na nan har shekara 50 ko 70 bayan rasuwar marubuci. Mai neman na kyauta da halal ya leƙa Project Gutenberg a intanet, wanda tun 1971 yake tara littattafan da wa'adinsu ya ƙare, ko ya yi rajista a laburare.

Kada a raina abin da wani ke karantawa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ga yarinyar da ta daina magana a zaure gaba ɗaya saboda an yi wa littafin soyayyarta dariya.

In ka ba da shawara, kada ka bi mutum da "ka karanta kuwa?" kullum safiya. In kuma kai aka ba, ka koma ka faɗi yadda ka same shi ko da bai yi maka ba, domin da wannan ne mai shawarar zai gane abin da zai zaɓar maka nan gaba.