Idan ciwo ya kama ka a hanya, a ƙasar da ba ka san kowa ba

Mai yawo da jakar goyo, yau yana wannan gari gobe yana wancan, da wuya ya gama tafiya jiki bai gwada shi ba. Ruwa ya sauya, abinci ya sauya, barci ba ya isa, ga kwana a ɗakin haɗaka da baƙi. Yawancin abin da zai same ka ƙaramin ciwo ne mai wucewa. Abin da muke so ka iya shi ne bambance wanda za ka yi jinyarsa a kan gado da wanda ba ya jiran wayewar gari.

Gudawa ce kan gaba. Tana shiga ta ruwan famfo, ƙanƙarar da aka jefa a lemo, ɗanyen ganye, ko abincin da ya huce yana jiran mai saye. Ita kanta takan tsaya cikin kwana 3 zuwa 5. Abin da ke kayar da mutum shi ne ruwan da ke fita ba a mayar ba. Ka riƙe garin ORS a jaka, amma ka karanta bayan ledar, domin wani na lita 1 ne, wani na mililita 200. In babu, haɗa da kanka: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ka ƙara gishiri wai don ya yi ƙarfi, yawansa illa ne. Sha kurɓi-kurɓi, kofi guda bayan kowane zagaya. In ka yi amai, dakata minti 10 sannan ka ci gaba a hankali. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, tafasa shi minti 1, ko minti 3 idan kana kan tsaunin da ya haura mita 2,000. Fitsari zai gaya maka inda aka kwana: idan ya yi ja, ko ka yi awa 8 bai zo ba, ko jiri na ɗibarka in ka miƙe, ruwan bai isa ba.

Imodium hanji yake tsayarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Yana da rana idan dole ka shiga doguwar mota, amma kada ka kusance shi idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi. Haka nan ka guji haɗiyar Flagyl da zarar ciki ya murɗa. Yawancin gudawar matafiya ba ta buƙatarsa, kuma a Turai ba a sayar da irinsa sai da takardar likita. Jini, zazzaɓi mai zafi, aman da ba ya barin ko ruwa ya zauna, ko kwana 3 babu sauƙi, duk na asibiti ne.

Zazzaɓi kuwa shi ne inda muke roƙonka ka tsaya ka karanta da kyau. Sayi ƙaramin ma'aunin zafin jiki, kada ka dogara da bayan hannu. Idan ya kai 38, kuma a watannin baya ka kwana a yankin da ake maleriya, ka ɗauka ita ce har sai gwajin jini ya ce a'a. Likita a Jamus ko Kanada yana iya daɗewa bai ga mai ita ba, sai ya ɗauka mura ce ya ce ka je ka huta. Da bakinka za ka lissafa masa ƙasashen da ka bi da ranakun, ka nemi gwaji a ranar. Idan sakamako ya fito babu ita amma zazzaɓi bai sauka ba, a sake bayan awa 12 zuwa 24. Nau'in maleriyar da ake kira falsifarum na iya tsananta cikin kwana guda idan ba a fara magani ba. Wanda ya tashi a cikinta ma kada ya saki jiki, domin ɗan sabon da jiki ya yi da ita yana gushewa idan aka daɗe a ƙasar da babu ita.

A Tailan, Indonesiya, Indiya ko Burazil, ka tuna da dengi, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa. Sauronsa da rana yake cizo. Yana zuwa da zafin jiki, ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da ƙuraje. A nan Brufen da asfirin haɗari ne, suna ƙara zubar jini. Kuma lokacin da ya fi muni shi ne sa'ilin da zazzaɓin ya fara sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai lokacin da mutum ke cewa ya warke yana ɗaure jaka. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini a dasashi na nufin asibiti nan take. Farasitamol kaɗai za ka sha: babba giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a awa 24. A Amurka Tylenol ake ce masa, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Mai haɗa biyun bai sani ba yana iya lalata hantarsa.

Kare, biri, kyanwa ko jemage ya cije ka ko ya yakushe ka? Wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ka nemi allurar ciwon haukan kare a ranar, ko da ciwon bai kai komai ba. Idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Masu hawa tsauni su sani cewa daga mita 2,500 iska ke fara ƙaranci, kuma birni kamar Kusko a Peru ya kai wajen mita 3,400. Bayan mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗaga fiye da mita 500 a rana. Ciwon kai da tashin zuciya na cewa tsaya. Haki kana zaune, tangaɗi ko ruɗewa na cewa sauka yanzu, ko da dare ne. Mai sikila ya shawarci likitansa kafin ya hau, domin sanyi, ƙarancin iska da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon.

Sai batun kuɗi, wanda shi ke sa da yawa su kwanta suna jira har abu ya ɓaci. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta fita sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, amma takardar ba ta aiki da kanta. Kira lambar kamfanin ta awa 24 kafin a kwantar da kai in da hali, su za su nuna asibitin da suke biya kai tsaye. Adana kowane rasit da rahoton likita, ka ɗauke su hoto. Sukan ƙi biya idan ka ɓoye tsohon ciwo kamar hawan jini ko suga, ko ka faɗi a babur ba lasisi ba hular kwano. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, Birtaniya 999, Amurka da Kanada 911, Ostireliya 000. A Ingila ana duba kowa kyauta a sashen gaggawa, amma kwanciya a asibiti na iya zama da kuɗi ga baƙo. A Amurka doka ta tilasta a duba ka, sai dai takardar biya za ta biyo baya. Ofishin jakadanci na iya sanar da danginka, amma kada ka sa rai zai biya.

Maganin da kake sha kullum ka bar shi cikin kwalinsa na asali tare da wasiƙar likita, a jakar hannu. Tiramadol da kodin sun kai mutane gidan yari a Masar da Daular Larabawa, don haka duba dokar ƙasa kafin ka shiga.

Ranar da ciwo ya zo, dakatar da tafiya. Asarar tikiti ta fi sauƙi a kan suma a tashar da babu mai jin yarenka. Koma ɗaki na kai kaɗai mai banɗaki a ciki, ka gaya wa mai kula da masauki ba ka da lafiya, ka roƙe shi ya leƙo ka safe da yamma. Cikin fasfonka kuma a samu takarda mai sunanka, rukunin jininka, magungunan da jikinka ba ya so, lambar inshora da lambar wani naka, a rubuce da Turanci da yaren ƙasar in ka samu mai rubuta maka.