Ƙaramin murhun itace na ɗumama ɗaki: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da hunturu ya kankama a Disamba, hazo ya sauka, ƙafa ta fara faso, sai kaskon garwashi ya koma cikin ɗaki. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da Gembu a kan tsaunin Mambila, akwai daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, bargo biyu ma ba ya isa. Shi ya sa wasu ke zuwa wurin mai walda ya haɗa musu ƙaramin murhun ƙarfe mai ƙofa da bututun fitar da hayaƙi. Wannan ya fi kasko nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin waɗanda ake haɗawa da kuɗi kaɗan a wurare guda suke ba da matsala, kuma kusan duka ana iya gyara su ba sai an sayi sabo ba.

A ƙarar da kuɗi a jikin murhu, a yi wa bututu ƙoƙon bara

Wannan ne babba. Mutum zai biya a yi masa akwati mai kyau har da fenti, in aka zo kan bututu sai a ce a naɗe guntun kwanon rufi a soka ta taga. Alhali bututu ne ke jan wuta. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, yana hawa sama, hawan nan kuma shi ke zuƙo sabuwar iska ta ƙofar murhu. In bututu ya gajarta, ko ya yi sanyi, ko gwiwa ta yi masa yawa, jan ya mutu, hayaƙi ya dawo ɗaki. Shawararmu ita ce a fara lissafin kuɗin bututu, abin da ya rage a yi murhu da shi.

Faɗin bututu ya zo daidai da bakin da aka yi wa murhun, inci 4 ko 5 ga ƙarami. Kada a rage shi a hanya don an samu na arha. Tsayinsa daga kan murhu zuwa hularsa ya kai kamar mita huɗu da rabi in hali ya yi. A saman rufi kuma ya ɗaga santimita 90 daga inda ya fito, sannan ya ɗara duk abin da ke cikin tazarar mita uku da shi, tozon rufi ne ko katanga, da santimita 60. Bututun da ya tsaya a ƙarƙashin indararo iskar hunturu ce ke danno masa hayaƙi ciki. Gwiwa kada ta wuce biyu, kuma inda bututu ya kwanta a ɗaga shi sama da kamar santimita 2 a kowace mita.

Akwai wani kuskure da masu walda da yawa ke yi da kyakkyawar niyya: su sa bututun sama ya haɗiye na ƙasa, wai don hayaƙi kada ya tsere. Akasin haka ake yi. Matsattsen bakin na sama shi ke shiga cikin na ƙasa, yana kallon murhu. Dalili kuwa, baƙin ruwa mai kama da kwalta yana taruwa a ciki yana gangarowa. In an haɗa daidai, zai koma murhu ya ƙone. In an juya, za ka ga baƙin layi yana bin bayan bututu, ɗaki yana wari. Gyaran ba wuya: a kwance, a juya, a ɗaure kowace mahaɗa da ƙusa mai zare guda uku.

Kwanon rufi kuma a bar shi a rufi. Farin da ke jikinsa sinadarin zin ne, in ya yi zafi sosai yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Baƙin ƙarfe za a nema, musamman mita ta farko daga kan murhu.

Babban murhu a ƙaramin ɗaki

Ana zaton babba ya fi ɗumi. Abin da ke faruwa shi ne ɗaki ya yi zafi, a toshe iska don wuta ta lafa, itace ya koma cin kansa a hankali yana hayaƙi, bututu ya cika da kunkunniya. Ƙaramin murhu mai ci bal-bal ya fi babba mai turnuƙe. A ƙasashen sanyi ana yin lissafin kilowat ɗaya (ma'aunin ƙarfin zafin murhu) ga kowace mita 14 ta cikin ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a raba da 14. Ɗaki mai mita huɗu da huɗu, tsayinsa uku, ya ba da 48, kusan kilowat uku da rabi ke nan. Sanyinmu bai kai nasu ba, don haka wanda bai kai wannan ba ma ya isa. Cikin da zai ɗauki faskare uku ko huɗu masu tsawon santimita 25 zuwa 30 ya wadatar.

Siririn ƙarfe

Ƙarfen ganga kaurinsa bai wuce kusan milimita ɗaya ba. Zai yi ja, ya lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa, wata rana gindin ya huje. A nemi farantin ƙarfe mai milimita 3 zuwa 5. Tsohuwar tukunyar gas mai kilo 12.5 tana yin murhu mai ƙwari, amma yankanta ba aikin garaje ba ne: sai an sauke gas ɗin duka a fili nesa da wuta, an cire kan, an cika ta da ruwa har ya tumbatsa, kafin injin yanka ya taɓa ta. Tukunyar da ake cewa ta ƙare, akwai sauran gas a cikinta.

A zuba yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5 a gindin murhu, a jera jan bulo a gefe, ko a shafe da yumɓu da aka cuɗa da ɓuntun shinkafa. Wannan yana kare ƙarfe, yana kuma riƙe zafi bayan wuta ta mutu. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne farantin da ake kwantarwa a ciki daga sama, ƙarƙashin bakin bututu, a bar masa gibi ta gaba wanda bai gaza faɗin bakin bututun ba. In babu shi, harshen wuta miƙewa yake waje, kana ɗumama sararin sama. Mai walda zai iya ƙara shi ko a tsohon murhu. Haka ƙaramar tagar iska mai zamewa a jikin ƙofa, da ita ake ƙara wuta ko rage ta.

Sabon murhu a fara hura shi a tsakar gida sau biyu ko uku da ƙaramar wuta, mai da fenti su gama ƙonewa. Fentin ƙofa ko na mota ba ya jure wannan zafi, sai wanda aka yi don wuta.

Manna shi da bango

Zafin murhu ba sai ya taɓa abu yake cinna masa wuta ba. Katakon da ya daɗe yana shan zafi yana bushewa ya gasu, har ya zo ya kama a zafin da da ba zai kama ba. Tsakanin murhu da duk abin da ke ci da wuta, katifa, labule, gidan sauro, kujera, durowa, a bar santimita 90. Bututu mai ɓawo ɗaya kuma santimita 45. In ɗaki ya matse, a kafa farantin ƙarfe a jikin bangon katako ko zana, a bar santimita biyu da rabi tsakaninsa da bangon, sama da ƙasa a buɗe iska na ratsawa. Da wannan, tazarar murhu da bango za ta iya sauka zuwa santimita 30. In aka manna farantin da bango ba gibi, ba a yi komai ba.

Ledar ƙasa da kafet a naɗe su. Murhu ya zauna kan daɓen siminti ko jan bulo, wanda ya fito santimita 45 ta gaban ƙofa saboda garwashin da ke faɗowa. Wajen fitar da bututu, ta bangon ƙasa ko na bulo ya fi sauƙi da aminci. Silin roba narkewa yake, na katako da jinka kuwa ba a magana. In ba makawa sai ta rufi, wurin ratsawar yana buƙatar bututu mai ɓawo biyu da abin tare zafi a tsakani, a kuma yanke silin nesa da shi.

Ɗanyen itace

Itacen da aka sara yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Busasshe, wanda ruwansa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, yana ba da zafi kusan ninki biyu na ɗanye a kilo ɗaya. Gane shi ba wuya: bakinsa ya tsattsage, ɓawo na saki, in ka buga biyu su yi ƙara garau. Ɗanye kuwa in ya shiga wuta za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta gindinsa. A faskara tun farkon shekara, a jera kan duwatsu, a rufe sama kawai a bar gefe iska na shiga. Marke, ƙirya da bagaruwa suna da nauyi, garwashinsu na daɗewa. Itacen turare da ya yawaita a Jos da Mambila yana ci da kyau, amma a faskara shi da ɗanyensa, don in ya bushe gatari na shan wuya. Kuka da tumfafiya ba su da amfani a nan. Katako mai fenti, falanki mai gam, leda da roba guba suke fitarwa. Kaɗanya da ɗorawa kuwa, amfaninsu a tsaye ya fi na ɗumin dare ɗaya.

Wajen hurawa, a jera manyan faskare a ƙasa, ƙanana a kai, ƙirare a can sama, a kunna daga sama da tagar iska a buɗe. Bututu zai yi zafi da wuri, hayaƙi ya ragu. Fetur ko kananzir ba su da wuri kusa da murhu.

Toshe ɗaki ruf

Nan ne ake rasa rai. Saboda ƙura da sanyi ana cusa tsumma a kowace kafa, wuta ta rasa iska, ta fara fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau sama da 200. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuma ba ya jin ko ɗaya. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ba mura ba ce: a fita da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a tafi asibiti a faɗa musu an kwana da wuta.

A bar kafar iska a buɗe kullum, ƙasa-ƙasa kusa da murhu, faɗinta kamar na bututun. A sayi na'urar gargaɗi mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, a kafa ta mita ɗaya zuwa uku daga murhu. Kada a zuba gawayi a murhun itace a rufe iska don ya kai asuba, kada kuma a kwashi garwashi a kasko a kai ɗakin yara ko na mai jego. A bar wuta ta cinye kafin a kwanta. Bulo da yashin da ke ciki za su ci gaba da ba da ɗumi.

Toka tana ɓoye garwashi mai rai har kwana biyu ko uku, don haka a bokitin ƙarfe mai murfi ake kwashe ta, a ajiye waje kan ƙasa. Bututu kuma a leƙa shi kafin sanyi ya shigo, saboda sheƙar tsuntsu da gidan zanzaro, a sake dubawa duk wata. In baƙin danƙon ciki ya kai kaurin milimita 3, a sauke a kankare da burushin waya da aka ɗaura a gora, don shi ke kamawa da wuta a cikin bututu.