Bashi da izinin tsaro a Amurka: inda mutane ke kada kansu

Duk mai neman aikin da zai ba shi damar ganin bayanan sirri a Amurka, na soja ne ko na kamfanin kwangila, sai ya cike fom ɗin SF-86. Sashe na 26 shi ne na kuɗi, kuma nan ne ake yawan faɗuwa. Ƙa'idar da ake bi tun 2017, wato SEAD 4, ba ta ce cin bashi laifi ne ba, ba ta kuma yanka wani adadi ba. Tsoron shi ne wanda bashi ya yi wa katutu, kuma ba ya cika alkawari, yana da sauƙin saye.

Mafi munin kuskure shi ne ɓoyewa. Fom ɗin yana tambaya dalla-dalla: cikin shekara 7 da suka wuce, an taɓa ƙwace maka mota saboda rashin biya? An miƙa bashinka ga kamfanin karɓar bashi? Ka taɓa wuce kwana 120 ba ka biya ba? Sai mutum ya amsa "a'a", wai tsohon zance ne. Haba! Masu bincike da kansu suke ciro rahoton bashinka. Da bashi kaɗai ne da akwai gyara, amma yanzu ka ƙara ƙarya a kai, ita kuwa ƙarya da gangan a fom ɗin tarayya tana iya kai mutum ɗaurin har shekara 5. "Na manta" ba kasafai take fitar da kowa ba. Shawarata, kafin ka taɓa fom ɗin, ka ciro rahotonka kyauta daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Equifax, Experian da TransUnion, duka ukun, don ba kullum suke daidai ba. Buga su a takarda, ka bi layi-layi da biro. Abin da kake shakka, rubuta shi ka yi bayani.

Sai masu jiran bashi ya tsufa. Gaskiya ne yawancin bashin da aka kasa biya yana sauka daga rahoto bayan shekara 7, banki ma yakan rubuta shi a matsayin asara. Amma alƙalan DOHA, wani ofishi na Ma'aikatar Tsaron Amurka, masu sauraron ƙorafin ma'aikatan kwangila, ba sa ɗaukar wannan a matsayin biya. Kuɗin da kotu ta sa ake yanka daga albashinka da ƙarfi kuwa, ba sa ɗaukarsa a matsayin biya da son rai. So suke su ga yarjejeniyar biya a rubuce, da rasit wata bayan wata. Ko dala 100 ce kake turawa duk wata, in da shaida, ta fi dogon alkawari. Kada ka bari sai takardar dalilan ƙin ba ka izini ta iso sannan ka ruga biya. Ana duba ranar da ka fara.

Rasa aiki, jinya ko mutuwar aure uzuri ne karɓaɓɓe, amma sai ka nuna matakin da ka ɗauka bayan nan.

Bashin da ka sa hannu ka tsaya wa wani, naka ne. Rashin cike takardar haraji matsala ce ta daban, a daidaita da hukumar haraji ta tarayya, IRS, tun da wuri. Bashin da ba naka ba, ƙalubalance shi a rubuce, ka ajiye kwafi. In takardar dalilan ta zo, ma'aikacin kwangila kwana 20 gare shi ya amsa, kuma ya haɗa amsar da rasit ɗinsa.