Yadda za ka koma ga Ubangiji bayan ka ja da baya

Shekara huɗu na yi ban taka ƙofar majami'a ba. Kafin nan, ni ne ma'ajin Zumuntar Matasa a ikkilisiyarmu a Kaduna, kuɗin da aka tara don sayen kayan kiɗa, naira dubu sittin, suna hannuna. Ana gab da Kirsimeti keken ɗinkina ya lalace, na ce bari in ara, in mayar a Janairu. Janairu ya zo ya wuce. Na fara zama a bencin baya, na fara sulalewa kafin a sa albarka, daga nan na ɗauke ƙafa. Gurbin da sujada ta bari, burkutu da cacar ƙwallo suka cike shi. Ban taɓa daina gaskatawa da Yesu ba, kunya ce ta riƙe ni. Mai irin wannan hali nake rubuta wa.

Da farko, kada ka jira sai ka gyaru. Na sha cewa sai na haɗa kuɗin, sai na bar sha, sannan in koma kamar ba abin da ya faru. Duba Luka 15, misalin da Yesu ya bayar na yaron da ya bar gida ya ɓarnatar da gādonsa. Daga wurin kiwon aladu yaron nan ya kama hanyar gida, da yunwarsa. Ya shirya jawabin da zai yi, har da roƙon a mai da shi ɗan ƙwadago, amma uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙo a guje, bai ma bar shi ya kai ƙarshen jawabin ba.

In za ka yi addu'a, kira abin da sunansa. "Ka gafarta mini zunubaina" kowa yana faɗa, ba ta da zafi. Ranar da na ce "Ubangiji, na ci kuɗin matasa, na yi ƙarya a kai" ita ce ranar da na yi kuka. In bakinka ya yi nauyi, ari Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan annabi Natan ya tare shi kan maganar Batsheba. Sannan ka ɗauki littafin Markus, surori 16 ne kawai a cikinsa, ɗaya kowace safiya. Ni a shago nake karantawa kafin in ɗaga ƙyaure. Da Hausa na karanta, don da Turanci maganar tana wuce ni ta sama.

Sai ka nemi mutum ɗaya. Ɗaya, ba taro ba, kuma wanda aka san cikinsa da zurfi. Nawa wani dattijon ikkilisiya ne, tsohon malamin makaranta. Na je gidansa bayan faɗuwar rana don kada a gan ni. Na durƙusa na fara, "Baba, na zo ne…" Ya ce, "Tashi ka zauna, ɗana. Ka ci abinci?" Sai da na cinye tuwon da Mama ta kawo, ya gyara tabarau ya ce, "To, nawa ne kuɗin?" Ashe sun sani tun tuni. Shekara huɗu ina ɓoyon abin da yake a littafin sakatare.

Abin da ka ɗauka, mayar. Nan ne da yawa suke tsallakewa, su tashi a ba da shaida, a yi tafi, mai haƙƙi yana zaune yana kallo. Zakka mai karɓar haraji riɓi huɗu ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta. A Matiyu 5 kuma Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ba ni da dubu sittin a lokacin. Baba ya tsaga takarda daga littafin rubutu, muka tsara dubu goma kowane wata, yana sa hannu ina sa hannu. In ba kuɗi ba ne, in mace ce ka yaudara ko iyaye ka wulaƙanta, tafiyar ɗaya ce: ƙafarka za ta kai ka ƙofarsu.

Akwai maganar horo. A ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, dattawa sukan dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu) da riƙon aiki na wani lokaci. Ni wata shida aka ba ni. Ranar Jibi faranti yakan wuce ta gabana, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A ganina ya kamata dattawa su riƙa ziyartar wanda suka sa a horo, ba su sanar kawai su juya baya ba. Duk da haka, karɓi horon. Kada ka gudu wata majami'a inda ba a san ka ba, ko da yake a unguwa kamar Sabon Tasha kowane lungu da tasa. Sai fa in cutar da aka yi maka ce ta kore ka, wannan magana ce daban.

Lahadin farko, je da wuri. Mai makara shi ne yake ratsa idanu. In ma ka fi so, fara da addu'ar tsakiyar mako, inda mutane ba su da yawa. Za ka haɗu da irin wan yaron nan na Luka 15, wanda ya ji haushin dawowar ƙanensa, bai taɓa fashin sujada ba. Wata baiwar Allah da na zauna kusa da ita sai ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Ya yi mini zafi, amma ai ni na koya mata. Wata kuma, 'yar Zumuntar Mata, ƙawar mahaifiyata, ta riƙe hannuna biyu ba ta ce komai ba.

Canza hanya. Na goge manhajar caca daga wayata, na daina bi ta layin masu burkutu ran Asabar, ko da zagayen ya ƙara mini kuɗin keke.

Mai yiwuwa ka sāke faɗuwa. Ni na faɗi a wata na uku, ranar bikin wani aboki. Washegari Lahadi ce, na je da ciwon kai na gaya wa Baba. Ya buɗe mini Yohanna 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai yawan musun sanin Yesu da Bitrus ya yi, ya kuma ba shi aiki.

Kada ka yi hanzarin neman matsayi. Da aka ɗauke mini horo, matasa sun yi zaɓe, ba wanda ya ambaci sunana. Aikin da nake yi yanzu shi ne jera benci da yammacin Asabar, ni da yara biyu. Labulen bayan bagade ma da ya yage, ni aka kawo wa na ɗinke.