Tsatsar gefen gilashin baya: kada ku rufe ta da mastik

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tsofaffin Hilux da ke jigilar buhuna tsakanin Maradi da Dan Issa, ku ɗaga robar gilashin baya ku duba kafin damina ta sauka. Ƙurar hunturu ce ke taruwa a ƙarƙashinta, ruwa ya zo ya jiƙa ta, ƙarfen ya yi ta ci ba ka sani ba.

Tawa bara mastik, wato ƙullun nan da ake cike ramukan jikin mota da shi, aka shafa mata a bisa tsatsar, ko wata 4 ba ta yi ba fentin ya kumbura. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Maimakon haka, a cire gilashin baki ɗaya, a goge har sai farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje, a yanke a sa sabon ƙarfe. Ka ce wa mai walda ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan yana bari ya huce, don ƙarfen wurin siriri ne, zafi na lanƙwasa shi. Kuma a fitar da kujera tukuna saboda tartsatsi.

Daga nan jan fentin hana tsatsa, sannan fenti, sai sabuwar roba. Silikon ɗin nan mai warin tsami kada ya taɓa wurin, shi kansa yana jawo tsatsa. In an gama, a kwara bokitin ruwa, ka zauna ciki ka duba ko yana yoyo.