Yadda za ka riƙe get through a kanka ba tare da hadda ba

Ƙanwata ce ke shirin WAEC, jiya da daddare ta zo min wai Yaya na duba get na ga samu, na duba through na ga ta ciki, na haɗa abin ya ƙi ba da ma'ana. Ai dole ya ƙi. Mu ma muna cewa sha wahala, ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa neman kofi ko cokali. To haka Turanci yake, kalma biyu su haɗu su haifi ma'ana guda, saboda haka matakin farko ka daina raba su.

Get through na nufin ka shiga wuya ka daure har ka fito. Fitowar nan ita ce zuciyar maganar, nan kuma yara da yawa ke faɗuwa, don suna cakuɗa shi da go through, shi kuma go through shan wahalar kawai yake nunawa, bai ce ka tsallake ba. Akwai pull through ma, wannan an fi faɗinsa ga wanda ya yi jinya mai tsanani ya tashi.

Sai ka ɗaura get through a kan wahalar da kai ka sha da jikinka, wallahi wannan ya fi hadda sau goma. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, layi a bakin banki tun asuba, masu POS sun tsawwala, mai adaidaita ya ce kash kawai, 'yan Kwari da Sabon Gari ga kaya ba ciniki, taransifa ta maƙale kana tsaye kana zufa. Rubuta: We got through it. Got, don abin ya wuce. Wanda ke ciki yanzu kuma ka ce masa You will get through this.

Kula, sunan wahalar bayan through yake zuwa, get through it, ba get it through ba, wannan wata magana ce daban.

Furuci kuma, gh ɗin ƙarshen through ba a faɗinsa, wajen th ɗin farko kuma ka sa bakin harshe tsakanin haƙora ka hura iska, kar ya fito turu.

Kullum jimla ɗaya har sati, ka tura wa aboki a WhatsApp ya duba. Ita ƙanwar tawa ta fara da azumin da aka yi cikin zafin Afrilu.